Na fasa kaskon baƙin mai a hanyar da manyan motoci suka ƙwaƙule: in ɗaga motar ko in canja taya?

Mai Jar Jif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Ranar Asabar na shiga wata hanyar ƙasa da ƙaramar jif ɗina, irin wadda fowil ɗinta (jan tayoyi huɗu) ke shiga da kansa, ba ta da 4L, wato giyar fowil mai ƙarfi ta tafiya a hankali. Manyan motoci sun bi hanyar lokacin da take da laka, suka bar gurbin taya biyu masu zurfi, tsakiya ya zama doro. Yanzu ƙasar ta bushe ta yi tauri kamar daɓen siminti. Mu biyar ne a ciki, but kuma cike da kaya. Na zuba tayoyina cikin gurbin ina tafiya lafiya lau, wajen 40 a geji, sai na hangi kan wani dutse ya leƙo a doron. Na danne birki, sai ji na yi ƙum a ƙarƙashin ƙafata. Ba a yi minti guda ba jar fitilar baƙin mai ta kama. Na kashe inji na sauko, na tarar mai ya ja layi a bayana. Kasko ya tsage.

Abin da ya ɗaure mini kai, takardar motar ta ce tsayin cikinta daga ƙasa santimita 20 ne, kuma wallahi dutsen nan bai kai haka ba. To yanzu me ya kamata in yi? In ɗaga ta ne, ko in sa mata manyan tayoyi? Dole ce take sa ni bin hanyar, ba shawagi ba.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ka gode wa Allah da ka kashe injin nan take. Jar fitilar nan ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi famfo ya daina tura mai cikin inji. Injin da na buɗe da hannuna ya ƙone saboda mai shi ya ce bari in ƙarasa inuwar can in tsaya, ban san adadinsu ba. Kaskon naka na alminiyom ne ko na ƙarfe?

Mai Jar Jif:
Na alminiyom ne, Baba.

Tsohon Bakanike:
Shi ya sa. Alminiyom ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Na ƙarfe lotsawa yake yi ya riƙe mansa, amma shi ma yana da tasa muguntar: in ya lotsa sosai sai ya matse bakin bututun da ke zuƙo mai daga gindin kaskon, ka duba ƙasa ba ɗigo ko ɗaya, inji kuwa yana can yana shan ƙishirwa.

Ba Birki:
Malam, kada a ja ka da dogon turanci. Ɗaga ta kawai. Ni a-kori-kurata na ɗaga ta santimita 5, tun daga ranar ban ƙara jin ta taɓa ƙasa ba. Mota in ta yi tsayi, ta gama magana.

Injiniya:
Mai Jar Jif, lambar nan 20 ba ƙarya ba ce, sai dai ba a hanyarka aka auna ta ba. Mota tana tsaye a fili mai baiɗaya ake aunawa, tayoyi cike da iska, kuma yawanci ba kowa a ciki. Kai ka ɗora mata mutum biyar da kaya, sifirin ya kwanta, 'yan santimita sun tafi tun ba ka tayar da inji ba. Sannan tayoyinka suna cikin gurbi. Duk zurfin da gurbin ya yi, daga cikin 20 ɗin nan ake cire shi. A ce zurfinsa 12, ka lissafa saura nawa tsakanin cikin motarka da doron, tun dutse bai shigo lissafi ba.

Sai kuma birkin. Idan ka danne shi da ƙarfi, nauyin mota gaba yake kwarara, hancinta ya dungura, a daidai lokacin da kasko ke ratsa kan dutsen. Kada ka ji haushina, amma da ƙafarka ka miƙa masa kaskon. Da tun daga nesa ka rage, ka saki birki kafin ka iso don gaban ya miƙe, wataƙila da gogarsa kawai za ka yi ka wuce.

Ba Birki:
To ai duk wannan lissafin, ɗagawa ce maganinsa. In tana da 25 maimakon 20, da ta wuce.

Injiniya:
Oga Ba Birki, in kana kusa da motarka ka yi mini alfarma ɗaya. Ɗauki tef ka leƙa bayanta, ka auna daga ƙasa zuwa gindin tulun nan na giya da ke jikin aksil na baya, mai raba ƙarfi ga tayoyin biyu. Sai ka nemi irin motarka da ba a taɓa ɗagawa ba, mai taya irin taka, ka auna nata. Ka dawo ka gaya wa zaure abin da ka gani.

Mai Salun:
Ina nan na kasa kunne, don ni tawa 'yar salun ce, kullum cikinta a ƙasa yake.

Direban Gingimari:
Salamu alaikum. Bari in fara da neman gafara, don mu ne masu haƙa muku ramukan nan. Ba da gayya ba ne. Tayar babbar mota tsayinta ya haura mita guda, a baya kuma bibbiyu ne a kowane gefe, ga lodi a kai. In ƙasa ta jiƙa muka bi, sawun da za mu bari yana iya kai wa mutum gwiwa, mu kuwa ko a jikinmu, don cikinmu yana can sama. Abin da ƙananan motoci ba sa lura da shi, faɗinmu ya fi naku. Tazarar tayarmu ta hagu da ta dama ta fi taku nesa ba kusa ba. Saboda haka in ka ce za ka bi sawuna, ba za ka zauna daidai a cikinsa ba. Gefe ɗaya zai faɗa gindin gurbi, ɗayan yana goga bango, motar ta karkace, gefen taya yana cin duwatsun da ke jikin bangon. Gefen taya kuwa nan ne ya fi rauni, in ya yage mai faci ma ba ya da ta cewa.

Sawun da ya dace ka bi shi ne na mota sa'arka. In ka ga sawun ya fi ƙarfinka, to ka sani linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ba Birki:
Na auna. Ni da ta maƙwabcina duk ɗaya ne a tulun. Amma fa bambana da matakalar gefe sun fi nasa tashi sosai.

Injiniya:
Madalla, gani ya kori ji. Ga dalili. Aksil na bayan a-kori-kura ƙarfe guda ne da ya haɗa tayoyin biyu, tulun kuma a jikinsa yake. Sifirin a tsakanin aksil da gangar mota yake. In ka ƙara masa tsawo, gangar jiki da shasi ne suka hau sama, tulun yana nan inda Allah ya ajiye shi, da shi da gindin shokozoba da faifan da ke ɗaure sifirin. Kuma a hanya mai doro a tsakiya, su ne ke fara gaisawa da ƙasa. Abu ɗaya ne ke ɗaga tulu: babbar taya. Ko kuma irin ƙirar babbar motar dajin nan Unimog, inda aka sa giya a bakin kowace taya don aksil ya zauna sama da tsakiyar wili, amma wannan wata duniya ce daban.

Ba wai na ce ɗagawarka banza ba ce. Ta taimake ka wajen hawa gangare ba tare da bamba ya caki ƙasa ba, da wajen sauka, da wajen tsallake tudu ba tare da tsakiyar mota ta zauna a kai ba. Amma matsalar gurbin taya ba ta taɓa ta ba.

Mai Jar Jif:
To ni tawa fa? Na leƙa ban ga wannan dogon aksil ɗin ba.

Injiniya:
Taka kowace taya da nata hannun take tafiya, gaba da baya. A irin taka ɗagawa tana ɗaga kasko da gaske, don inji a jikin ganga yake. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, tsayin cikinka ba tsayayye ba ne: duk lokacin da tayoyin gaba suka shige sama, ciki yana sauka ƙasa, abin da ya same ka ke nan. Mai aksil guda, irin Land Cruiser 70 da ake ƙerawa tun 1984, tazarar tulunsa da ƙasa ba ta canjawa ko ya yi tsalle ko ya yi lodi, shi ya sa direbansa yake iya sanin abin da zai wuce da abin da ba zai wuce ba. Na biyu, in ka ɗaga taka, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya zai riƙa aiki a karkace. Robarsa ta riƙa yagewa, giris ya zube, ƙasa ta shiga, ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. A ƙaramar jif ni ba zan wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma a sake saita tayoyi bayan an gama.

Tsohon Bakanike:
Ƙari a kan maganar Injiniya: mota in ta yi sama, saurin kifewarta ma ya yi sama. Duk lokacin da gefe ɗaya zai hau doro, ka tuna da wannan.

Mai Jar Jif:
Ke nan taya zan canja?

Injiniya:
Karanto mini lambar da ke gefen tayarka.

Mai Jar Jif:
225/65R17.

Injiniya:
To mu yi lissafi. 225 faɗi ne a milimita, 65 kuma kashi 65 cikin 100 na faɗin shi ne tsayin gefen taya, 17 girman wili ne a inci. In ka haɗa, tsayin tayarka gaba ɗaya wajen milimita 724 ne. In ka koma 235/65R17 zai zama 737. Bambanci 13. Amma rabi kawai za ka ci, don rabin taya ne ke ƙarƙashin aksil. Wato milimita 6 da rabi, ko kaurin ɗan yatsa bai kai ba. Shi Ba Birki in yana kan 265/65R17 ya koma 265/70R17, daga 776 zuwa 803 ke nan, ya ci milimita 13, gejin gudunsa kuma ya fara yi masa ƙarya da kashi 3 da ɗoriya cikin 100, yana nuna ƙasa da gudun da yake yi. In ka zarce haka, taya ta fara cin madigadi in ka juya sitiyari, mota ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala.

Duk da haka ina goyon bayan ka canja taya, ba don tsayi ba, don ka samu mai kaurin gefe da manyan haƙora.

Hajiya Mai Jimny:
Sannunku da muhawara. Ni ba injiniya ba ce, amma aikina ya sa na fi shekara huɗu ina bin irin waɗannan hanyoyi ni kaɗai, kuma ban taɓa fasa kasko ba, ba don motata ta fi ta kowa ba. Jimny ce irin ta 2018, tsayin cikinta a takarda santimita 21, wato da ɗaya kacal ta fi ta Mai Jar Jif. Abin da ke taimakonta gajarta ce: tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.25 ne, ita kuwa Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita 3. Tudun da zan tsallake ina dariya, doguwar mota sai ta zauna a kansa da cikinta, tayoyi suna lilo.

Amma sirrina ba wannan ba ne, sanda ce. Wata rana na loda motar kamar yadda nake fita da ita, na kwanta na nemi abin da ya fi komai kusa da ƙasa, na yanke sanda daidai tsayinsa. Tana nan a bayan kujerata. Duk inda na ga gurbi ya yi mini zurfi a ido, sai in tsaya in sauka, in tsayar da sandar a gindin gurbin. In doron ya kusa kai kan sandar, ba na shiga. Minti biyu ne. Kuma in na sauka ina taka doron da ƙafa, don ciyawar da ke fitowa a tsakiyar hanya ita ke ɓoye kututture da dutse. Zuwa da kai ya fi aike.

Wani abu kuma, ku san inda tulunku yake. Na gaban tawa ba a tsakiya yake ba, ya karkata gefe guda. Saboda haka in dole dutse ya bi ta ƙarƙashina, na san ta wane gefe zan bar shi ya bi. In kuwa babba ne, ba na barinsa a tsakiya sam, taya nake ɗora masa a hankali, ta hau ta sauka, motar gaba ɗaya ta tashi tare da shi.

Tsohon Bakanike:
Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Da kowa na yin haka da mun rasa aikin yi.

Ba Birki:
Hajiya, da girmamawa, in kowane rami sai na sauka da sanda, yaushe zan isa? Kuma a laka fa? A laka in ka yi sanyi-sanyi ka kafe. Wuta ake ba ta, ta ratsa ta wuce.

Direban Gingimari:
Yaro, na fi shekara 20 ina wuce masu ba ta wuta a gefen hanya, bonet a buɗe.

Ba Birki:
Baba, ni ba yaro ba ne, kuma ban taɓa kwana a hanya ba. Wasu dai a littafi suka iya tuƙi.

Mai Zaure:
Jama'a a yi hattara da harshe. Muhawara muke yi, ba dambe ba. Ba Birki, maganarka ta laka tana da ƙamshin gaskiya, bari a amsa ta da hujja.

Injiniya:
Gaskiyarsa ce, laka tana son mota ta shigo da ɗan ƙarfinta, kada ta tsaya a tsakiya. Inda muka rabu shi ne nawa ne ƙarfin. A 4L, giya ta biyu, totur a tsaye wuri guda ba a ƙara ba a ragewa, wannan ya isa yawancin laka, kuma gudun bai fi na mai sassarfa ba. 4L yana rage gudun taya ninki biyu zuwa biyu da rabi ya ƙara mata ƙarfi daidai haka, don a samu wucewa ba tare da gudu ba aka yi shi. Shi kuwa duka ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon ya ninka sau huɗu. Dutsen da Mai Jar Jif ya daka a 40, da a 10 ya same shi, kashi ɗaya cikin 16 na wannan dukan zai sha. Kuma laka ba ta gaya maka abin da ta binne. Ruwan da ya kwanta a gurbi yana iya zama tafin hannu, yana iya zama cinya.

Mai Jar Jif:
To ni da ba ni da 4L, kuma otomatik ce?

Injiniya:
Ka mayar da ita L ko giya ta ɗaya da hannu, ka bar ta ta riƙa jan ciki. Kada ka daɗe kana murza taya a wuri ɗaya, don abin da ke haɗa maka tayoyin baya yana ɗaukar zafi, in ya yi zafi motoci da yawa sukan cire fowil ɗin da kansu har sai ya huce.

Mai Salun:
Tambayar da nake ta jira a zo kanta: a cikin gurbin ake bi, ko a samansa?

Direban Gingimari:
Ya danganta da ƙasar. In ta bushe, hau sama. Tayoyin gefe ɗaya a kan doron tsakiya, na ɗaya gefen a kan kafaɗar hanya, gurbi ɗaya ya bi ta ƙarƙashin cikinka. Ka ga ramin da zai cinye maka tsayi ya koma yana ƙara maka. Amma ka tafi a hankali kana duban nesa, don doron yakan tsinke ko ya rushe, kuma faɗawa gurbi ba shiri ta fi shiga da niyya ɓarna. Nan ake lanƙwasa tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya.

In ƙasa ta jiƙe kuwa, doro santsi ne da shi kamar sabulu, ko ka hau zai zubo da kai. A nan in gurbin bai fi tsayinka ba, gara ka shiga tun daga farkonsa ka bar shi ya ja ka. In ya fi tsayinka, shebur ne maganinsa: ka sassare kan doron ka zuba a gurbin, riba biyu ke nan. In abin ya yi tsawo, ka juya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Hajiya Mai Jimny:
Baba ya tuna mini wani abu da ya taɓa ba ni tsoro. In kana cikin gurbi mai santsi, mota tana tafiya miƙe ko da sitiyarinka a karye yake, don bangon gurbin ne ke tuƙa ta. Sai ka manta tayoyinka suna kallon gefe. Ranar da suka samu wurin kamawa, sai motar ta yi tsalle ta fice daga hanya. Ni saura ƙiris in rungumi bishiya. Tun daga nan nakan leƙa ta taga in ga inda tayar gaba take kallo. Kuma kada ku zura babban yatsa cikin sitiyari, ku ɗora shi a baki, don in taya ta daki bango sitiyarin yakan fizge.

Mai Salun:
Na gode. Ni da cikina bai fi 14 ba fa, akwai dabara ko in haƙura?

Tsohon Bakanike:
Akwai, amma ka san iyakarka. Ka sauke mutane su taka a wurin da ya yi muni, nan take za ka ga ta tashi. Kwari ko gurbin da ya gitta hanya kada ka tunkare shi kai tsaye, tayoyin gaba biyu su faɗa tare, bamba da lagireto su sha ƙasa. Ka shige shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kada ka tsaya a tsakiya, don in taya ɗaya ta gaba ta rataye a iska ita za ta riƙa juyawa, mai ƙasa ta yi shiru. Sannan ka sa wani ya tsaya a gaba yana duba maka ƙarƙashi yana nuna maka da hannu. Mutum ɗaya fa, ba biyar kowa na ihu ba.

Mai Jar Jif:
Baba, wani ya ce in sa faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji. Akwai wata roba a wurin da, ita ma ta tafi ranar.

Tsohon Bakanike:
Wannan robar don ƙura da ruwa da iska aka sa ta, ba don dutse ba. Faifan ƙarfe kam ka sa, shi ne abu na farko da zan ce ka yi kafin ɗagawa. Ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko alminiyom mai 5 zuwa 6. Amma a yi shi da hankali. A ɗaure shi a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji, a bar 'yar tazara tsakaninsa da kasko, in ba haka ba duk dukan da ya sha zai miƙa wa kaskon. Kan kusoshi kada su leƙo ƙasa, dutse zai aske su ranar da kake son kwancewa ka rasa yadda za ka yi. A huda wurin juye mai, a bar wa iska hanya. Kuma ka sani zai ci maka ɗan tsayi, ba kyauta ba ne.

Babban abin da nake jan kunnen mutane a kai: busasshiyar ciyawa. Tana taruwa tsakanin faifan da salansa, salansa kuwa zafinsa ya isa ya kunna ta. Mota ta ƙone ƙurmus a daji saboda ciyawar da ba ta cika hannu biyu ba. Duk fitar da ka yi, ka leƙa ka zaƙulo.

Ba Birki:
Ba wanda ya yi maganar rage iska. Ni ina saukar da tawa zuwa 20 a gejin iska (PSI) in na bar kwalta.

Injiniya:
A nan muna tare. Rage iska yana shimfiɗa taya ta kama ƙasa, ta riƙa lanƙwasa a kan dutse maimakon ta yi tsalle, mota ta daina dukan ciki. Amma ciniki ne: taya in ta kwanta, tulun ma ya sauko, santimita ɗaya ko fiye. A hanyar da doro ne matsalar ba santsi ba, ni kaɗan nake ragewa. Kuma in ka sauka ƙasa da 15 a wili na yau da kullum, bakin taya yana iya ficewa daga wili in ta matsu da bangon gurbi. Mai Jar Jif da gefen tayarsa gajere ne, kada ya kwaikwayi Ba Birki, wilinsa zai lotsa. Sannan duk mai rage iska ya tafi da famfo, don hawa kwalta da gudu da taya a kwance zafi take ɗauka har ta fashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Zaure:
Wani ɗan zaure ya turo mini tambaya ta gefe: in mota ta riga ta zauna a kan cikinta, me ake yi?

Direban Gingimari:
Abu na farko, ɗage ƙafa daga totur. Duk juyin da taya ta yi a banza rami take haƙa wa kanta, cikin yana ƙara zama. Gwada ribas sau ɗaya a hankali. In ta ƙi, sauka. Sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak, ɗaga taya ɗaya, cika ƙarƙashinta da duwatsu ko itace, sauke, koma ta gaba. Motar kake ɗagawa daga kan doron, ba janta kake yi a kansa ba. In aka ja ta da ƙarfi tana zaune, salansa da tankin mai da bututun birki ne za su biya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi tana kan jak, da dogon shebur ake yashe doron. In kuma za a ja, a ɗaura a wurin da aka yi don ja. Ƙwallon nan na jan tirela kada a kuskura, yana tsinkewa ya taho kamar harsashi, ya kashe mutane ba ɗaya ba.

Tsohon Bakanike:
In kuma ta daɗe a cikin ruwa, a duba man tulun bayan an dawo. Tulu mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ta hancin numfashinsa. In ka ga man ya yi fari-fari, a juye.

Hajiya Mai Jimny:
Roƙo ɗaya. In hanya ta ɓaci, a daina faɗawa gonar mutane ana buɗe sabuwa. Kowa ya kauce taku biyu, bayan shekara hanya ɗaya ta zama biyar, duk kuma sun ƙwaƙule.

Mai Jar Jif:
Jama'a na dawo. An sa sabon kasko, kuma na bi maganar Hajiya na kwanta da tef. Ba kowa a ciki, ƙarƙashin inji 20 ne kamar yadda takarda ta ce. Na sa mutum huɗu da kaya irin na ranar, na sake aunawa: gaba 18, amma wani gwiwar salansa da ke gaban tayoyin baya ya sauko 15 da rabi. Ban taɓa sanin yana wurin ba, kuma duk jikinsa tabon duka ne. Na fasa ɗagawa tukuna. Faifai zan fara sawa, in sauya taya in waɗannan sun cinye. Jiya na sake bin hanyar, gefe ɗaya a kan doro, giya ta ɗaya, na sauka sau uku. Dutsen yana nan, har da sauran baƙin maina a kansa. Na tone shi na jefar gefe.

Tsohon Bakanike:
Madalla. Amma ba ka gama ba. Dukan da ya tsaga kasko yakan taɓa robar da ke riƙe inji, a duba ta. Kuma in ka yi 'yar tafiya da sabon man, a juye shi a faranti mai tsabta a duba a rana. In an ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, ka kawo mana labari kafin ka yi doguwar tafiya.

Ba Birki:
Hajiya, sandar nan da wane irin ice ake yin ta? Wani abokina ne ke tambaya.

Hajiya Mai Jimny:
Kowane iri, Malam. Ka ce wa abokin naka ya loda motar kafin ya auna, kuma daga gindin tulu zai auna, ba daga matakala ba.